Hankaka mai da ɗan wani naka: Mazembe daga 1939 zuwa yau

Ranar wata Asabar muna zaune a fada, shayi na biyu yana kan gawayi, gardamar Real da Barsa ta kai inda take kaiwa kullum: kowa na magana, ba mai saurare. Wani abokinmu ya lissafo kofunan Turai goma sha biyar na Real, tun daga 1956, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama sai na ce masa, to malam, faɗa mini ekip uku daga kudancin Sahara da suka taɓa cin kofin zakarun Afirka. Ya ce Enyimba. Ya yi shiru. Ya ce Asek ta Abijan. Ya sake yin shiru, sannan ya ce wai ma wa ke kallon wannan balo. Aka yi dariya aka wuce. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don akwai sunan da nake jira in ji, kuma cikin mutum tara ba wanda ya kawo shi.

Ina CM1 na fara jin sunan Mazembe. Ranar Talata ce, 14 ga Disamban 2010, hunturu ya kankama a Maraɗi. Kawuna, tsohon direban babbar mota wanda a lokacin idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi, shi ya riƙe hannuna zuwa gidan kallon unguwarmu ya biya mini dala goma. An fara wasa wajen ƙarfe biyar na yamma. Ekip ɗaya ta sa ja, wai Internasiyonal ta Barazil, zakarun Amurka ta Kudu, waɗanda shekaru huɗu kafin nan suka doke Barsa ɗin nan da muke rantsuwa da ita suka ɗauki kofin duniya na kulob-kulob. Ɗayar kuwa baƙaƙe ne kamar mu. Aka je hutu ba ci. Ana dawowa aka kira magariba, rabin ɗakin ya fita, har da kawu. Suna cikin salla Kabangu ya tare ƙwallo cikin da'irar gola ya lanƙwasa ta ta shige. Mu yaran da muka rage muka yi ihun da sai da liman ya aiko a ja mana kunne. Kawu bai ga wannan cin ba, kuma har yau in aka tuna masa sai ya yi tsaki. Na biyun dai ya gan shi: saura minti biyar Kaluyituka ya kwaso ƙwallo daga hagu, ya yi wa ɗan bayan Barazil rawa da ƙafa, ya buga ta ƙasa-ƙasa. Biyu da babu. Can ɗaya gefen fili mai tsaron gida Kidiaba ya zauna daɓas a ciyawa yana tsalle da gindi, rawar da washegari duk yaran lakwal ɗinmu muka kwaikwaya har wanduna suka yage.

A hanyar gida na ce wa kawu ashe Afirka ta samu sabuwar ekip. Ya tsaya cak ya dube ni. “Sabuwa? Ku yara mi kuka sani? Waɗanga Angilba na, tun ba a haihi uwakka ba sunka ci Afirka.” Ban gane me yake nufi ba sai bayan shekaru.

Abin da kawu ke kira Angilba shi ne Englebert, sunan kamfanin tayar mota na ƙasar Baljik, kuma a matsayinsa na direba ya san sunan ta hanya biyu: a jikin taya da kuma a rediyo. Amma ba da wannan suna aka haifi ƙungiyar ba. A 1939 limaman Katolika masu kula da wata makaranta a Elizabetbil, garin da yau ake kira Lubumbashi, suka kafa wa ɗalibansu ƴan sikawut ekip ɗin ƙwallo suka sa mata Saint-Georges. A 1944 ta koma Saint-Paul. Daga baya limaman suka saki hannu, kamfanin taya ya karɓi ɗawainiya, sai ta ɗauki sunansa. Da ta ci kofin ƙasar Kwango a 1966 aka ƙara mata kirarin Tout Puissant, wato mai cikakken iko. Ni kaina kirarin nan yakan yi mini nauyi a baki, don mun san Wanda ya cancanci a kira shi haka, shi ya sa nakan tsaya a TP kawai. Sunan Mazembe ya zo ne a zamanin da Mobutu ya bi sunayen Turawa yana gogewa, lokacin da Kwango ta koma Zayar a 1971, Katanga ta koma Shaba. Ku lura da wannan tun yanzu: sau uku ana canza mata suna cikin shekara talatin da ƴan kai, kuma kowane suna yana gaya maka hannun wa take ciki a lokacin. Na coci, na ɗan kasuwa, na mai mulki.

Kofin farko na Afirka, a 1967, ta same shi ta hanyar da har yau ba ta yi wa ƴan Gana daɗi. Wasan ƙarshe da Asante Kotoko ne. A Kumasi aka tashi ɗaya da ɗaya, a Kinshasa biyu da biyu har bayan ƙarin lokaci. A lokacin ba a fara raba gardama da bugun fanareti ba. Aka yi ta ja-in-ja, wasu na cewa a jefa ƙuri'a, a ƙarshe hukumar CAF ta ce a je Yawunde a yi wasa na uku. Englebert ta je. Kotoko ba ta zo ba, kuma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne hukumar ƙwallon Gana ce ba ta isar wa kulob ɗin da saƙon ba. Aka miƙa wa ƴan Kwango kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Duk mai son Mazembe ya kamata ya faɗi wannan da kansa kafin wani ya faɗa masa. Sai dai shekara ta gaba sun wanke kansu a fili: suka zuba wa Étoile Filante ta Lome biyar da babu, suka je Togo aka rama musu huɗu da ɗaya, amma jimilla ta ishe su. Su ne na farko da suka riƙe kofin sau biyu a jere. A 1969 suka sake kaiwa ƙarshe, Isma'iliya ta Masar ta doke su. A 1970 suka kai karo na huɗu, Kotoko ta bi su har Kinshasa ta ci su biyu da ɗaya ta karɓi bashinta. Wasan ƙarshe huɗu a jere. Sai da aka yi fiye da shekara hamsin kafin Al Ahli ta wuce wannan adadi, daga 2020 zuwa 2024.

Wani abu da ban lura da shi ba sai da na buɗe taswira: waɗannan wasanni da ake cewa na gida, a Kinshasa aka yi su, ba a Lubumbashi ba. Tsakanin garuruwan biyu ya fi kilomita 1,500 ko ta sama, ya fi nisan Yamai zuwa Difa. Mutanen da suka raini ekip ɗin, mafi yawansu a rediyo suka ji nasararta, daidai da yadda kawu ya ji a Maraɗi. Babban birni ne ke cin biki. Wannan ba sai an yi wa ɗan Damagaram ko ɗan Tawa dogon bayani ba.

Ƴan wasan wancan zamani su ne ƙashin bayan ekip ɗin ƙasa. Pierre Kalala ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Kwango ta doke Gana da ita a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1968 a Adis Ababa. Bwanga Tshimen, ɗan baya, shi aka zaɓa gwarzon Afirka a 1973. Kazadi Mwamba yana tsaron gida lokacin da Zayar ta sake cin kofin a 1974, ta kuma tafi kofin duniya a Jamus, ƙasa ta farko daga kudancin Sahara da ta je. A nan ne labarin ya yi ɗaci. Yugoslabiya ta zuba musu tara da babu, aka cire Kazadi bayan ci na uku. A wasa da Barazil kuwa, ana shirin bugun tazara, Mwepu Ilunga, shi ma ɗan Mazembe, ya fito daga cikin katanga a guje ya ɗauke ƙwallon da ƙafa ya aika ta can nesa. Na tabbata wasunku sun ga hoton a waya, don har yanzu ana yaɗa shi a matsayin abin dariya: ga Baƙar fata bai san dokar wasa ba. Mutumin da ya ci kofin Afirka wata uku kafin nan, a ce bai san bugun tazara ba? Shi da bakinsa ya yi bayani daga baya a hirarraki: kuɗin da aka yi musu alkawari manya sun cinye, kuma mutanen Mobutu sun gargaɗe su cewa in Barazil ta ci su huɗu kada su yi tunanin komawa gida. An tashi uku da babu. Kazadi ya rasu cikin talauci.

Daga nan sai fari. Kuma ni a ganina farin nan shi ne ainihin tarihin Mazembe, ko da yake shi ne wanda ba a buga hotonsa a riga.

Gaskiya a 1980 ta ci ƙaramin kofin Afirka, na masu riƙe da kofin ƙasa, inda ta doke Africa Sports ta Abijan. Amma ku dubi gasar cikin gida: tsakanin 1969 da 2000, shekara talatin da ɗaya, sau biyu kacal ta zama zakara, a 1976 da 1987. Ekip ɗin Kinshasa ne ke cin kasuwarsu, Vita da Motema Pembe. A babban kofin Afirka kuwa, daga 1968 sai 2009: shekara arba'in da ɗaya. Yaron da aka haifa ranar da aka doke ƴan Lome ya yi furfura kafin ya ga na gaba.

Me ya faru? Ba wai matan Lubumbashi sun daina haihuwar masu ƙafa ba ne. Garin ne ya durƙushe. Lubumbashi gari ne na jan ƙarfe, komai nasa yana rataye a wuyan kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnati, Gécamines: albashi, asibiti, makaranta, kantin kwana, har kuɗin da ɗan kasuwa zai ba ekip. Farashin jan ƙarfe ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970. Aka yi yaƙin Shaba sau biyu, 1977 da 1978. A 1990 babban ramin Kamoto ya rufta, kamfanin da ke fitar da fiye da tan dubu 400 a shekara ya koma bai kai dubu 50 ba. A 1992 da 1993 aka kori dubban ƴan asalin Kasai daga lardin, alhali da yawa daga cikinsu a nan aka haife su. Sannan yaƙi ya zo a 1996, wani ya biyo baya a 1998. A irin wannan hali ɗan wasa mai kyau abu ɗaya yake nema, tikitin Baljik. Duk wanda ya taɓa zama a Arlit ya ga yadda kasuwa ke mutuwa in kamfani ya rage ma'aikata zai fahimci abin da nake nufi.

Bari in ɗan ratse, tun da mu ɗalibai ne. A watan Mayun 1990 jami'an tsaron Mobutu suka shiga jami'ar Lubumbashi da dare suka kashe ɗalibai. Wata uku ke nan bayan 9 ga Fabrairu, ranar da aka harbe ƴan uwanmu a gadar Kenedi a Yamai. Duk shekara muna tunawa da namu, kuma daidai ne. Amma ban taɓa jin an ambaci na Lubumbashi a taronmu ba, kamarad, alhali guguwa ɗaya ce ta kwashe su.

A 1997 aka zaɓi wani ɗan kasuwa mai shekara talatin da ƴan kai, Moïse Katumbi, shugaban ƙungiyar. Mahaifinsa Bayahude ne daga tsibirin Rodos, mahaifiyarsa ƴar ƙasa. Da sayar da kifi ya fara, ya shiga sufuri, ya shiga aikin ma'adinai daidai lokacin da Sin ta buɗe baki tana haɗiyar jan ƙarfe farashi ya tashi. A 2007 ya zama gwamnan Katanga. Abin da ya yi wa Mazembe ba sihiri ba ne, kuma shi ya sa yake ba ni haushi, don kowa ya san shi: ya biya albashi a kan lokaci, ya biya da yawa, har ɗan wasa ya zauna ya yi lissafi ya ga zaman benci a ƙaramar ekip ta Turai bai fi masa zaman gida ba. Trésor Mputu, wanda Arsenal ta gayyata gwaji a 2007, a Lubumbashi ya ci gaba da wasa. Jaridu sun ruwaito kasafin dalar Amurka miliyan 10 a shekarar 2010. Ƙungiyar ta sayi jirgin samanta, ta daina kwana a filin jirgi tana jiran canji, abin da ke karya ekip ɗin Afirka tun kafin a busa usur.

Kofin 2009 ya shafe mu ta wani gefe, mu ƴan Maraɗi, don a shekarar ne Kano Pillars ta fitar da Al Ahli ta kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma rabin garinmu ƴan “sai masu gida” ne. Da Pillars ta wuce, da ita za ta haɗu da Mazembe. Sai Heartland ta Owerri ta yi mata huɗu da babu, ta bi ta Kano ta ƙara ɗaya. A wasan ƙarshe Heartland ta ci biyu da ɗaya a gidanta, Mazembe ta ci ɗaya da babu a Lubumbashi, ƙwallon ma ɗan Heartland ne ya jefa a ragarsu. Dokar cin waje ta ba Mazembe kofi. Ba nasara ce mai ado ba, kuma da suka je kofin duniya a Disambar shekarar sun sha kunya, har ƴan Okland na Niyu Zilan, waɗanda yawancinsu ba ƙwallo ce sana'arsu ba, sun doke su uku da biyu.

Shekarar 2010 ce ta rufe bakin kowa, kuma ba tare da Mputu ba. A watan Mayu, a wata gasa a Kigali, shi da wani abokin wasansa suka bi alƙalin wasa da gudu, aka dakatar da shi shekara guda. Kyaftin ɗinka, gwaninka, ya tafi. Koci ɗan Senegal, Lamine N'Diaye, ya karɓi ekip ɗin ana tsakiyar gasa. Suka fitar da JS Kabili, suka haɗu da Esperans ta Tunis a ƙarshe, suka yi mata biyar da babu a Lubumbashi. Ƴan Tunusiya sun yi kuka da alƙalanci, an ba ɗan wasansu jan kati tun kafin hutu, kuma ban ce kukansu ba shi da tushe ko kaɗan ba, don fitowa daga Lubumbashi da maki a shekarun nan sai mai tsananin rabo. Amma biyar ba alƙali ke cin ta ba. Daga nan Abu Dabi: Pachuka ta Meziko ɗaya da babu, sai daren da na ba ku labari. Kafin Mazembe ba wata ekip daga wajen Turai da Amurka ta Kudu da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na wannan gasa. Ranar 18 ga Disamba Inter ta Milan ta doke su uku da babu. Eto'o ne ya ci na biyu, kuma ina tuna yadda ɗakin ya rasa abin yi, rabi na tafi, rabi na zaginsa wai ya ci amanar gida.

Ana yi wa Mazembe laƙabi da hankaki, ko da yake kada ce a jikin tambarinta, da ƙwallo a baki. Rigarsu baƙi da fari ce, kamar hankakan namu mai farin ƙirji. Kuma kirarin da Bahaushe ya yi wa hankaka, mai da ɗan wani naka, kamar don su aka yi shi. Lubumbashi tana bakin iyakar Zambiya, kusan yadda Maraɗi take da Katsina, Ndola ta fi mata Kinshasa kusa nesa ba kusa ba. Sai ta buɗe ƙofa: Given Singuluma, Rainford Kalaba, Stoppila Sunzu, Hichani Himoonde. Ranar da Zambiya ta doke Kodibuwa a Librebil a 2012, a gasar da Mena ta fara zuwa, Sunzu ɗan Mazembe ne ya buga fanaretin ƙarshe. Daga Tanzaniya ta ɗauko Mbwana Samatta da Thomas Ulimwengu, daga Gana Solomon Asante, daga Mali Salif Coulibaly da Adama Traoré, daga Kodibuwa Roger Assalé. Mun saba ganin ɗan Afirka ya tafi Faransa neman abinci. Ganin ɗan Gana ya tafi Kwango don a can albashi ya fi, wannan sabon abu ne a idonmu. Da wannan tarin baƙi suka ci kofi na biyar a 2015 a hannun USM ta Aljeriya, gida da waje.

Ba komai ne fari ba a wannan zamani. A 2011, suna riƙe da kofi, CAF ta kore su daga gasar bayan Simba ta Tanzaniya ta kai ƙara cewa sun sa ɗan wasan da kwantaraginsa da Esperans bai ƙare ba. A 2013 suka faɗi a wasan ƙarshe na kofin Konfederasiyo a hannun Sfaks. A kofin duniya na 2015 a Japan kuwa Sanfrecce ta Hiroshima ta yi musu uku da babu. Wani malaminmu na tarihi ya taɓa nuna mana cewa yawancin yuraniyom ɗin bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945 daga ramin Shinkolobwe na Katanga ya fito. Ban san abin da zan yi da wannan haɗuwa ba, na dai kasa barin ta.

Mu ma mun taɓa gamuwa da su, ta wata fuska. Ranar 24 ga Janairun 2013, ina siziyam, Mena ta kara da Kwango a Afirka ta Kudu, Kidiaba a raga, Mputu cikin tawaga. Kassaly Daouda ya yi ta kaɗe ƙwallaye kamar mai korar tsuntsaye daga gona, aka tashi babu ci. Makinmu na farko ke nan a tarihin gasar. Ranar Kidiaba bai samu dalilin rawa ba, mu muka yi masa ita a titi.

To ga inda ni da kawu muke saɓani. Shi a wurinsa Katumbi gwarzo ne, a kawo mana irinsa guda ɗaya a Maraɗi a ga aiki. Yakan tuna mini cewa Jangorzo ta ci kofin ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, yau kuwa in ka duba masu cin kofin sai ka ga soja, jandarma, ƴan sanda, duwan, kamfanin mai, wato duk wanda ke da kasafin gwamnati a bayansa. Gaskiya ya faɗa, kuma ba raini ba ne, don AS FAN ce ta fitar da Étoile du Sahel a 2010 ta shiga rukunin kofin Konfederasiyo. Amma ekip ɗin da ba ta da unguwa, wa zai yi mata kuka in ta faɗi? Alhazan da ke da kuɗin da za su riƙe Ɗan Kasawa ko Jangorzo suna nan, ba su ga riba a ciki ba ne.

Ni kuwa abin da nake gani shi ne Katumbi ya ga ribar, kuma ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Filin wasa cike da mutane suna kiran sunanka jari ne na siyasa. A Disambar 2014, da yake son ya ce bai yarda Kabila ya nemi wa'adi na uku ba, da yaren ƙwallo ya yi magana a gaban taro: an ba da fanaretin ƙarya sau biyu an haƙura, in aka ba da na uku ƴan kallo za su shigo fili. Kowa ya gane. A 2015 ya ajiye gwamna ya bar jam'iyya mai mulki, a 2016 ya fita ƙasar, kotu ta yanke masa shekara uku a bayan idonsa, bai dawo ba sai Mayun 2019. Ekip ɗin ba ta rushe nan take ba, har ta ci kofin Konfederasiyo a 2016 da 2017. Amma ku bi sunayen: Samatta ya tafi Genk a farkon 2016, daga can ya zama ɗan Tanzaniya na farko a gasar Ingila. Ben Malango ya tafi Raja, Meschack Elia ya tafi Suwis, Jackson Muleka ya tafi Standard ta Liyej a 2020. Hankakan da ke ɗaukar ƴaƴan wasu ya koma ana ɗaukar nasa. Tun 2015 ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe na babban kofi ba. Ta tsaya a na kusa da ƙarshe a 2019 a hannun Esperans, haka a 2024 a hannun Al Ahli, bayan an sake kiran tsoho Lamine N'Diaye. Tun da Sundowns ta ci a 2016, har zuwa 2025 kofin bai sake tsallako Sahara ba.

Na gaya wa kawu tsorona: ranar da aljihun mutum ɗaya ya rufe, ko siyasa ta haɗiye shi gaba ɗaya, kada a sake shiga wata shekara arba'in. Ya ce in bar baƙin baki. Sannan ya kawo hujjar da ban iya turewa ba. A 1980, da abubuwa suka lalace, Mazembe ba ta da komai sai suna da kofuna a kabad. Yanzu tana da filinta na kanta a unguwar Kamalondo, wanda aka buɗe a 2012, mai ɗaukar mutum wajen dubu goma sha takwas, ba na gwamnati ba, ba aro ba. Tana da makarantar horar da yara, wadda Muleka ya fito daga cikinta. Kuma a Nuwamban 2024 ekip ɗinta ta mata, ƙarƙashin koci ƴar Maroko Lamia Boumehdi, ta doke AS FAR ɗaya da babu a ƙasar Maroko ta ɗauki kofin zakarun Afirka na mata. Wannan ni na ba shi labari, don idonsa ya daina ganin tele. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko ita mai tsaron gidansu ta yi rawar.